Yadda ake haɗa allon tarihin jiha tare da yaran firamare: misali da Jihar Kano

Wannan aiki na 'yan aji huɗu zuwa aji shida ne, kuma yakan ci mako uku idan ana ba shi darasi biyu a mako. Abin da ake so a samu a ƙarshe shi ne babban allo a bangon aji wanda yaran suka yi da hannunsu: taswirar jiha a tsakiya, alƙaluma a gefe ɗaya, alamomi a ɗaya gefen, igiyar tarihi kuma ta bi ta ƙasa. Na sha yin sa da azuzuwa daban-daban, kuma abin da na fi damuwa da shi a kowane karo ɗaya ne. Yaro ya fita daga aikin ya iya bambance abu uku da ake kira da suna guda: birnin Kano, masarautar Kano, da Jihar Kano. Wanda ya cakuɗa su zai ce maka Bagauda ne gwamnan farko, ko kuma ya ɗauka a 1967 aka fara zama a gindin Dala. Na ɗauki Kano misali ne domin ita na sani, amma matakan suna aiki ga kowace jiha.

Kayan da za a tanada

Farin kwali manya guda shida. In babu kuɗin saye, bayan tsohuwar kalanda fari ne kuma yana da kauri, a roƙi iyaye su turo. Kwalin taliya ko na sabulu da aka buɗe aka shimfiɗa shi ne zai zama gadon allon.

Fensir, magogi, rula mai santimita 30, almakashi, da maka baƙa da ja da shuɗiya da kore. Kada a sa yara rubutu da biro a kan allo, daga kujerar baya ba a ganinsa.

Gam. In ya ƙare, a dama sitaci ko garin rogo da ruwan zafi ya yi kauri kamar koko, a bari ya huce. Yana riƙewa sosai, sai dai kyankyasai da gara na son sa, don haka a shafa kaɗan kuma a bar shi ya bushe a rana.

Igiya ko zaren buhu mai tsawon mita biyar da rabi, da ƙananan ƙusoshi, da 'yan makaman shanya.

Taswirar jiha wadda ta nuna ƙananan hukumomi. Wannan ce ta fi wuyar samu. A duba ofishin hedimasta ko sakatariyar ƙaramar hukuma, ko a sauko da ita daga intanet a buga a shagon kwamfuta.

Littafin rubutu guda, wanda za a keɓe domin tattara bayanai kawai.

Mataki na 1: Tace bayanai kafin ka shiga aji

Wannan aikinka ne kai kaɗai, malam, kuma kada ka tsallake shi. Ka raba shafi gida biyu. A dama ka rubuta abubuwan da ba sa canzawa, a hagu waɗanda suke canzawa.

A dama za ka sa irin waɗannan. An ƙirƙiri Jihar Kano ranar 27 ga Mayu 1967, lokacin da Janar Yakubu Gowon ya rushe tsarin yankuna ya raba Nijeriya jihohi 12. Gwamnanta na farko shi ne Audu Baƙo, kwamishinan 'yan sanda, wanda ya riƙe ta har 1975. Gwamnan farar hula na farko Muhammadu Abubakar Rimi ne, a 1979. Ranar 27 ga Agusta 1991 aka cire Jigawa daga jikinta. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kusan miliyan 9.4, mafi yawa a duk jihohin ƙasar a wannan ƙidaya.

A hagu kuma: sunan gwamna, mataimakinsa, sarki, ciyaman ɗin ƙaramar hukumarku, kansilan mazaɓarku. Duk abin da ya faɗo hagu ba a rubuta shi a jikin allo, a ɗan kati ake rubuta shi a maƙale, domin a iya cirewa. Ko taken ƙasa ma an sauya shi a watan Mayun 2024, balle sunan mai riƙe da kujera.

Gargaɗi biyu a nan. Duk adadin jama'a da za ka rubuta, ka sa shekararsa kusa da shi. Za ka ga wasu alƙaluma mabambanta a intanet, amma ƙiyasi ne aka ɗora a kan ƙidayar 2006. Na biyu, duk abin da ka samu a wuri ɗaya kawai, musamman saƙon da ake turawa a WhatsApp, ka ajiye shi gefe har sai ka same shi a littafin makaranta ko takardar hukuma. Allon da ke da bayani goma tabbatattu ya fi mai talatin da rabinsu jita-jita ne, domin abin da yaro ya gani a bangon aji yakan riƙe shi har ya girma.

Mataki na 2: Fara daga ƙofar gidan yaro

Ranar farko kada ka ambaci shekara ko ɗaya. Ka tambayi kowane yaro sunan unguwarsu ko ƙauyensu, sannan ka zana tsani biyu a allon aji.

Tsani na farko na gwamnati ne: mazaɓa tana da kansila, ƙaramar hukuma tana da ciyaman, jiha tana da gwamna, ƙasa tana da shugaba. Waɗannan zaɓensu ake yi, kuma suna da wa'adi. Tsani na biyu na sarauta ne: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki. Waɗannan naɗa su ake yi da rawani. Ka sa kowane yaro ya hau tsanin nan biyu da bakinsa, daga gidansu har sama. Yawanci sun san mai unguwa da dagaci, kansila ne ke ɓace musu, sai ka ba su aikin gida su tambayo.

Idan wannan darasi ya zauna, sauran aikin sauƙi ne, domin duk bayanin da ya zo daga baya yaro zai san a kan wane tsani zai ɗora shi.

Mataki na 3: Zana taswira

Da farko ka gwada taswirar da ka samo. Duba ko Haɗeja, Gumel, Kazaure ko Dutse suna cikin iyakar Kano. In suna ciki, taswirar ta kafin 1991 ce. Kada ka yar da ita, za ta yi amfani wajen nuna wa yara yadda jihar take kafin a cire Jigawa, amma ba ita za a kwafa ba.

Hanyar da ta fi sauƙi wajen faɗaɗa ƙaramar taswira ita ce ta gida-gida. A ja layuka a kan ƙaramar, tsaye da kwance, tazarar santimita 2. A ja irin wannan adadin layuka a kan babban kwali, tazarar santimita 8. Sai yara su kwafe abin da ke cikin kowane ƙaramin gida zuwa takwaransa babba, da fensir, a hankali. Kada a taɓa maka sai ka duba duka. Siffar Kano tana da faɗi a arewa, sannan ta zubo da doguwar jela kudu ta Tudun Wada zuwa Doguwa. Yara kan gajarta jelar nan don kwalin ya ishe su, ka lura da wannan.

A rubuta maƙwabta huɗu a wajen iyaka: Katsina ta arewa maso yamma, Jigawa ta arewa maso gabas, Bauchi ta kudu maso gabas, Kaduna ta kudu maso yamma. Da yawa sukan ɗauka Kano ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. A da ta yi, ta ɓangaren da ya zama Jigawa, yanzu kuwa sai an ratsa Jigawa ko Katsina.

Sai ruwa, da shuɗiyar maka. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa su wuce ta Wudil su nufi Haɗeja. A sa alama a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, a kuma nuna Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwanta ke shayar da noman rani na shinkafa da tumatir da alkama. Da wannan yaro zai gane dangantakar tuwon shinkafar gidansu da wani aiki da aka yi tun kafin a haifi babansa.

Ƙananan hukumomi 44 ne, babu jihar da ta kai ta yawa. Kada ka tilasta wa ɗan firamare haddace su duka, wahala ce marar riba. Ya san tasu, ya san waɗanda suka kewaye ta, ya san takwas na cikin birni da kewaye: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Sauran a sa musu lamba a taswira, a jera sunayen a gefe. Ƙaramar hukumarku kaɗai za a shafe da ja.

Inda babu kwali kwata-kwata, a fita fili. A share wuri, a zana iyaka da toka, a yi koguna da shuɗin zare ko tsumma, a ɗora duwatsu a matsayin garuruwa. Ni har na fi son a fara da wannan ko da akwai kwali, domin a ƙasa ake iya daidaita taswira da duniyar gaske. Yaro ya fuskanci inda rana ke fitowa, hannunsa na hagu arewa ke nan, sai a juya kan taswirar can. Daga nan ka ce masa ya nuna maka hanyar Zariya da hannu.

Mataki na 4: Katin alƙaluma

Wannan gajere ne. Kwali ɗaya, layi bai wuce takwas ba, rubutu manya: babban birni, ranar ƙirƙira, faɗin ƙasa wajen murabba'in kilomita 20,000, ƙananan hukumomi 44, mazaɓu 484, sanatoci 3 na Kano ta Tsakiya da ta Arewa da ta Kudu, 'yan majalisar wakilai 24, 'yan majalisar jiha 40. A ba masu kyan rubutu, a ja musu layi da fensir tukuna.

Mataki na 5: Alamomi

A nan ne ake yawan kuskure, don haka a raba kwalin gida uku, kowane da kansa.

Gida na farko alamomin ƙasa. Tuta kore, fari, kore, a tsaye, kuma kowane yanki daidai da ɗan'uwansa. Taiwo Akinkunmi ne ya tsara ta, aka fara ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba 1960. Tambarin ƙasa kuma baƙar garkuwa ce da farin layi mai rassa biyu a madadin kogunan Neja da Binuwai, fararen dawakai biyu a gefe, jar mikiya a sama. Waɗannan na kowane ɗan Nijeriya ne, yaro ya san ba na Kano kaɗai ba ne.

Gida na biyu na gwamnatin jiha. Tambarinta a kwafe shi daga takardar hukuma ko allon wata ma'aikata, kada a zana da ka. Laƙabinta shi ne Cibiyar Kasuwanci, wanda ake gani da Turanci a lambar motoci. Idan ka sauko da fom ɗin irin wannan aiki daga intanet, za ka ga gurbin tsuntsun jiha da furen jiha da bishiyar jiha. Tsarin jihohin Amurka ne, inda majalisa ke zaɓar su da doka. Kada ka cike gurbin da abin da ka ga dama sannan ka koya wa yara kamar doka ce. In kana son su zana rimi ko kuka ko tsamiya, ka sa musu kai mai cewa itatuwan da aka fi gani a ƙasarmu.

Gida na uku shi ne mai daɗi: abubuwan da jama'a suka san Kano da su. Dutsen Dala da Goron Dutse. Ganuwa da ƙofofinta, irin su Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Mata, Ƙofar Na'isa, Kabuga, Mazugal da Ɗan'agundi. Karofin Ƙofar Mata da shuninsa. Dalar gyaɗa. Tagwayen masu da takalmin gashin jimina na sarki. Dagin Arewa, wanda za ka gaya musu na Arewa ne baki ɗaya. Hawan Salla, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. A saman gidan a rubuta kirari: Kano ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Ka bar su su faɗe shi da ƙarfi, sannan ka tambaye su wane ne Dabo, ka ce amsar tana kan igiya.

Kowane yaro ya zaɓi abu ɗaya ya zana. Wanda ya fi iya zane kada ya kwashe aikin duka. Dala mai karkata da yaro ya zana da kansa ta fi hoton da aka yanko daga jarida amfani gare shi. Launi kuma ba sai na kanti ba: jar ƙasa da aka kwaɓa da ɗan sitaci tana yin ganuwa, bula tana yin karofi, gawayi yana yin inuwa.

Hoton jam'iyya, launin hular wani ɗan siyasa, ko kirarin wani mai mulki, babu ɗayansu da zai hau allon nan. Ajin na 'ya'yan kowa ne.

Mataki na 6: Igiyar tarihi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ina roƙon ka ba shi darasi biyu cikakku. A ɗaure igiya a bango daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ma'auninmu: kowace mita ɗaya shekara 200 ce, wato santimita ɗaya shekara biyu. Yara su auna da kansu su ƙulla, lissafi ne ya shigo ta bayan gida.

Kafin farkon igiya a bar ɗan saura marar ƙulli, a rataya katin Dala da mutanen da ke zaune a wurin ƙarƙashin shugabansu Barbushe suna noma da farauta da ƙira tun kafin sarakuna. Ƙullin farko shi ne 999, zuwan Bagauda. A kusan rabin mita, Gijimasu, wanda aka ce shi ya fara ganuwa. A mita 1.75, shekarar 1349, hawan Sarki Yaji, wanda a zamaninsa Wangarawa suka zo daga Mali da malamai da littattafai. A mita 2.32, shekarar 1463, Muhammadu Rumfa: gidan sarki na yanzu, Kasuwar Kurmi, faɗaɗa ganuwa, da zuwan Shehu Magili wanda ya rubuta masa nasiha kan mulki. Waɗannan shekaru na farko daga tsohon kundin sarakunan Kano aka lissafo su, ta hanyar tara shekarun mulkin kowane sarki, don haka a sa kalmar "wajen" a gabansu, a kuma bayyana wa yara dalili.

Sai a tsallaka zuwa mita huɗu da 'yan kai, shekarar 1807, ƙarshen mulkin Sarki Alwali da kafuwar mulkin masu jihadi ƙarƙashin Sarki Sulaimanu. Santimita shida gaba, 1819, Ibrahim Dabo, ga amsar tambayar kirari. A mita 4.52, Fabrairun 1903, Turawan Ingila suka ci Kano zamanin Sarki Alu. Daga nan ƙulle-ƙulle za su cunkushe: jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa a hannun irin su Alhassan Ɗantata, jirgin sama ya fara sauka a 1925, an kafa jam'iyyar NEPU a 1950 wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, 'yancin kai a 1960, naɗin Ado Bayero a 1963. A yi wa katunan zare mai tsawo daban-daban don kada su hau kan juna.

A mita 4.84 a ƙulla jan ƙyalle: 1967. Daga nan zuwa yau a naɗe igiyar da jan zare. Sai ka kira yaro ya ɗora rularsa a kan jan. Zai ga duk rayuwar jihar kusan tsawon rula ɗaya ce, a kan igiyar da ta ratsa bango. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ka dai bar su su yi ta kallo su yi tambaya. Katunan sarauta a yi su da launi ɗaya, na gwamnati da wani, domin tsani biyun nan na mataki na biyu su sake bayyana.

Yaƙe-yaƙe da basasar 1893 ana iya ambatarsu a jimla ɗaya, ba tare da an mai da wani ɓangare gwarzo wani abin zagi ba. A ajinka akwai jikokin kowa.

Mataki na 7: A tura su wajen manya

Allon da babu muryar garinku a ciki bai cika ba, musamman in makarantar a Rano take ko Gaya ko Ƙaraye, garuruwan da ke da nasu tsohon tarihin sarauta. Rano ma tana cikin Hausa Bakwai kamar Kano. Yaron karkara kada ya tashi da tunanin tarihi na mutanen cikin ganuwa ne kawai.

A ba kowane yaro tambaya uku ya kai wa kakansa ko wata tsohuwa a gidansu: su wa suka kafa unguwar nan, wace sana'a aka san ta da ita, me ya canza tun kuna yara? Ka koya musu shiga: sallama, durƙusawa, "Kaka, malaminmu ne ya aiko ni in tambaye ki", in wajen dagaci ne "ranka ya daɗe". Su rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi. Ka nace a tambayi mata, domin labarin kaɗi da saƙa da ɗinkin hula da awo a bakinsu yake.

A birni, sunayen unguwanni kansu darasi ne: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarbawa, ga Sabon Gari. Yaron da iyayensa suka zo daga wata jiha ya kawo labarin zuwansu, a maƙala shi tare da na kowa. Abin da aka samo a bakin manya a sa masa kai mai cewa "abin da kakanninmu suka faɗa", daban da katin alƙaluma. In labari biyu suka saɓa, a rataya duka biyun.

In da hali a kai su gidan adana kayan tarihi, Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, da izinin iyaye a rubuce da isassun malamai masu rakiya. In babu kuɗin mota, tsohuwar rijiya ko kasuwa ko kufai na garinku ya isa ziyara.

Mataki na 8: Haɗawa da gwaji

A jera komai a ƙasa tukuna, a tsaya daga nesa a duba, sannan a liƙa. A kafa allon daidai tsayin idon yara, a bangon da feshin ruwa ba ya kaiwa ta taga. Kowane zane da sunan mai shi a ƙasa.

Wajen gwaji kada ka ce su rufe ido su karanto shekaru. Ka cire katuna biyar daga igiya ka ba yaro ya mai da su gurbinsu. Ka ambaci suna, su ce na tsanin sarauta ne ko na gwamnati. Ka gayyato 'yan aji uku, naka su yi musu bayani, a nan za ka ji wanda ya gane da wanda ya haddace kawai.

In jiharka ba Kano ba ce, abin da zai canza shi ne farkon igiya da wurin jan ƙyalle. Katsina 1987 aka cire ta daga Kaduna, ga Hasumiyar Gobarau da rijiyar Kusugu ta Daura. Kebbi da Jigawa 1991, Zamfara 1996. Ka sake lissafin ma'auni gwargwadon tsawon tarihin da faɗin bangonka.

Lokacin hutun damina a sauke allon, a naɗe igiyar da katunanta a sa cikin leda, a ajiye a saman kabad nesa da ƙasa saboda gara. Farkon sabon zango a duba katunan hagu, a sauya duk sunan da ya canza. Taswira da zane-zane kuwa, sabon aji su yi nasu daga farko.